Kunyar Nan Tawa Ce

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma ne, ranar Alhamis, a zauren gidanmu da ke Daura. Waɗanda ke wurin su ne Kawu, da makaɗinsa mai kalangu, da limamin unguwarmu, sai ni, don ina cikin 'yan amshi. Damina ta wuce, an jingine dammunan gero a bango, ƙamshin sabon kara ya cika zauren. A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu ne.

Bari in bi maka abin daki-daki. Kawu shi ke tsara wasannin kwaikwayo masu waƙa da ake yi a dandali bayan girbi, har daga Sandamu ake zuwa kallo. Na farkonsa a kan mai jan ruwa a rijiya ne. Waƙoƙin da daɗi, amma sun yi yawa, ko gaisuwa sai an rera ta. Na biyu a kan dillalin shanu ne, dariya zalla, kafin ka isa gida ka manta. Na ukun ne ya kai inda ake so, kuma a kansa aka zauna ran nan.

Labarin wa da ƙane ne da suka gaji gona, suka raba, kunya ɗaya ta rage a tsakiya. Kowa sai ya taka ta yana rera, "Kunyar nan tawa ce," mu kuma mu amsa. Suna cikin wannan ja-in-ja uwarsu ta rasu, ko zaman makoki ba su yi a tabarma ɗaya ba. To, a nan gwanintar Kawu take. Kunyar gona da kunyar ido a rubuce ɗaya suke, amma ta gona murya a sama take tsayawa, ta ido kuwa sauka take yi a ƙarshe. A fitowa ta ƙarshe kowa zai yi tsit, makaɗi ya matse igiyoyin kalangu sannan ya sassauta, kalangun ya faɗi kalmar shi kaɗai, muryar a sauke. Sai wan ya maimaita. Ba a ƙara ko harafi ba, amma wasan ya juya.

Liman ya ce kwamitin unguwa ya yarda a yi wasan, tunda wa'azi ne a kan zumunci. Sharuɗɗa dai: mata a gefe guda, namiji ya fito a matsayin uwar, kuma babu kiɗa. Kawu ya karɓi biyun farko ba musu. Tare suka yi ƙuruciya da Liman, don haka ba sa ɓoye wa juna magana.

"Alaramma, ka bar mini kalangun nan, bugu biyu kawai."

"Sarkin wasa, in na bar maka biyu, gobe mai goge zai zo neman nasa. Bakinka ya mutu ne? Ka faɗa da baki mana."

Kawu ya ce baki ya yi ta faɗin kalmar tun farkon wasa, kunne ya saba, sai wata murya dabam ce za ta farkar da shi. Liman ya ce shi dai saƙo aka ba shi. Makaɗin ya miƙe. Ya sa kalangun a buhu, ya yi sallama. Daga baya awaki ya koma sayarwa.

An yi wasan bayan la'asar, dandali ya cika. Da aka zo ƙarshe wan ya sauke murya daidai yadda aka koya masa. Amma babu abin da ya tsayar da jama'a. Sun riga sun haddace amshin, suka ɗauka da tafi, a tsohuwar muryarsa, suka binne ta wan. Aka watse ana gardamar wanda ya fi gaskiya a cikin 'yan'uwan. Wani dattijo ya tare Kawu ya ce, "Malam, ba ka raba gardamar ba. A ƙarshe kunyar ta wa ce?"

"Kunyar tawa ce," in ji Kawu, muryar a sauke. Dattijon ma bai ji ba, ya yi dariya ya wuce. Kawu bai sake tsara wasa ba har ya koma ga Allah.

Ban zargi Liman ba. Ni ma mai son doka ne, kuma na san irin ɓarnar da aka hana a wancan lokacin. Amma na gaji da bayani. Dandalin ya zama shaguna, yara sun duƙa a kan waya, in na ba su labarin sai su ce ai kalma ɗaya ce. Ga shi takardar nan ma ta kasa nuna maka bambancin.

Don haka ina roƙonka, mai karatu: ka ɗaga kai daga takardar, ka faɗi kalmar sau biyu da bakinka, ta gona da farko, sannan ta ido. Ka saurari inda muryarka ta sauka, ka kuma yi wa Kawu addu'a.