Nafisatu Mai Tukunyar Lakwal

Nafisatu mutuniyar Garu ce, ɗiyar masunta. Shekara ashirin tana tuyar kifi a kasuwar Malanvil, har ciwon gwiwa ya tashe ta daga bakin murhu. Shekarar da meri, wato ofishin magajin gari, ta ware kuɗi don a ciyar da ƙananan yaran lakwal, makarantar boko, da abincin gida, gwajin shekara guda, sai Mushe Rachidi, wato Malam Rachidi, shugaban lakwal ɗin unguwarsu, ya aiko ta zo ta riƙe tukunya.

Ranar farko ta dafa shinkafar fadama da wake, ta kwaɗa zogale da ƙuli-ƙuli. Yara sunka share shinkafa, sunka ture ganye gefe. Wata 'yar ƙarama, Mairo, har ta ce abincin awaki ne.

"Inna, a bar ganyen ga," in ji Mushe. "Ɓarna ce kawai."

"Mushe, yaro ba shi cin abin da bai sani ba. Ka ba ni filin bayan aji."

Ta hau kabu-kabu har Garu ta ɗauko irin zogale. Kowane yaro ya shuka nasa, ya kafa kara don shaida. Sati ukku, awakin maƙwabta sunka cinye tas. Nafisatu ta bi gida-gida tana roƙon zana, ta kewaye wurin, anka sake shuka. Wajen ban ruwa take karatunta: wannan na ƙara jini, kifi na ƙarfafa ƙashi, a wanke hannu tukuna. Ranar da yara sunka tsinko ganye da hannunsu, ba a bar komi cikin kwano ba.

Da shekara ta kai, anka zauna a meri don a duba ko za a ci gaba. Ba wanda ya gayyace ta. Ta ɗora kwano a kai, ta nufi can, uwayen yara huɗu na biye da ita.

"Ban iya faransanci ba, ranku shi daɗe," ta ce. "Ga shinkafar Garu, ga albasar Madekali. Ku ɗanɗana, sannan ku tambayi matan ga mi ɗiyansu ke roƙo a gida."

Sunka ci, sunka tambaya. Anka ƙara shekara biyu, anka sa lakwal ɗin Gene a ciki.

Yanzu kowace Asabar tana zuwa Gene koya wa sabuwar mai tukunya aiki. Gwiwa na nan da ciwonta. Sai ta ɗaure ta da zane ta hau babur.