Giɓin da Ke Jingar Malam Abdulbaƙi

Duk wanda ya tashi a gangaren kamfanonin Challawa, inda ƙasa ta kwanta har bakin kogi, ya san Malam Abdulbaƙi da jinga. Jingar wani dogon tudun ƙasa ce da kakanni suka tara tsakanin ruwa da gidaje. Ba wanda ya naɗa shi a kanta. Mahaifinsa ne yake kiran gayya a gyara ta kafin damina, da ya rasu sai mutane suka ci gaba da zuwa ƙofar gidan.

Gadi ya yi a wani kamfanin fata har ƙarfinsa ya ja baya. Mutum ne marar yawan magana, sai in an taɓa jinga. Ya taɓa bin wani mai yin bulo da sanda har gida don ya kankari ƙasa a gindinta. Da zafi ya tsananta, sai ya bi unguwa gida-gida.

"Idrisu, Asabar gayya."

"Ina aikin safe, Malam," in ji Idrisu maƙwabcinsa, leburan kamfanin masaƙa.

"To ka zo da yamma. Ita ƙasar ba ta tashi daga aiki."

Haka za a fito da kwanduna da shebur, mata su dama kunun tsamiya, a cike inda ɓera ya huda, a daddaɓe.

'Yarsa ta fari sunanta Atika, amma ba a taɓa jin sunan a bakinsa ba, sai dai "yarinyar nan". Ta auri Muntari, direban tifa mai ɗibar yashi a kogin. Yaro ne mai ladabi. Tun daga nesa yake cire takalmi ya durƙusa. Tsakaninsa da surukinsa gaisuwa ce kawai, kowa kansa a ƙasa.

Wani rani, Muntari da abokan aikinsa suka gaji da zagaye, suka yanke jingar suka yi wa tifa hanya. Suka ce kafin ruwan farko za su mayar. Malam ya je ya tsaya a bakin giɓin, ya daɗe, sannan ya dawo ya sami matarsa Hansatu.

"Ki gaya wa yarinyar nan ta gaya wa mutumin nata, wannan ramin zai kashe mu. A cike shi da jar ƙasa yanzu, tun tana da lokacin kamawa."

Hansatu ta ga maganar ta yi nauyi a kai wa suruki haka. Ta ce wa 'yarta, "Babanki ya ce in maigidanki ya sami sarari, a ɗan duba wajen nan."

Atika kuwa ba ta so a ce iyayenta na juya mata miji. Sai da ya ci abinci ta ce, "Baba yana gaishe ka. Ya ɗan yi maganar hanyarku."

"Allah ya ƙara masa girma. Ki ce muna sane."

Ranar gayya aka gyara ko'ina, aka tsallake giɓin. Rufe shi a gaban jama'a daidai yake da a ce Malam ya toshe wa surukinsa hanyar abinci.

Idrisu ya dogara da shebur. "Malam, wannan ƙofar fa? Ko ta manyan baƙi ce?"

"Masu ita za su rufe."

"Da ɗana ne ya yi, da yanzu sandarka ta san ƙofar ɗakina."

Aka yi dariya. Malam ya ɗauki kwandonsa ya yi gaba.

Su Muntari sun rufe ɗin, amma sai da damina ta kankama, kuma da abin da ke hannunsu suka rufe, wato yashi. Malam ya tarar da su suna juye tifar ƙarshe. Ya damƙi yashin, ya ga yana zuba ta tsakanin yatsunsa. Muntari ya sauko da sauri ya durƙusa.

"Baba, an rufe."

Ga mutane a tsaye, ga yaran mota suna kallo. Malam ya karkaɗe hannunsa.

"Madalla. Allah ya yi albarka."

Cikin Agusta kogi ya kawo. Da hantsi ruwan ya sami yashin nan ya wanke shi, ya shigo unguwa. Allah ya tsare rayuka, amma gidajen ƙasa sun zauna, masara ta kwanta, awaki sun tafi. Mutane suka koma ajujuwan makarantar firamare. Idrisu ya fita da tabarma da rediyo, shi ke nan. Bai sake yi wa Malam wasa ba.

Da ruwa ya janye, Muntari ya kasa haɗa ido da kowa. Ya samu aiki can wajen Wudil, ya loda kayansu a tifa, ya zo sallama. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin Malam ya ƙi tashi.

"Baba, ku yi min faɗa. Ko zagi ne ku yi, zan fi jin daɗi."

Hansatu tana bayan labule tana jira. Malam ya dube shi ya ce,

"Allah ya kiyaye hanya. A kula da yaran."

Da ƙarar motar ta yi nisa, Hansatu ta fito. "Malam, shi fa da kansa ya roƙa."

"Na ji shi."

"To me ya hana?"

Malam ya tashi ya shige ɗaki. Har yau yana nan da ransa, a ɗaki guda da ya rage a gidan. Rabin maƙwabta sun koma Panshekara haya, kuma tun daga shekarar ba a sake kiran gayya ba. Atika takan zo da sallah, ita da yara. Muntari yakan sauke su a bakin titi ya juya.