Ledar Kujerun Alhaji

Ku direbobin yanzu da kuke fesa wa mota turare ku ce kun wanke ta, ku saurara. Akwai ranar da har gobe ba ta fita raina ba, ranar da tsabta ta kusa raba ni da abincina.

A bazarar 1983 ne, ina tuƙa Alhaji Ɗanjuma, wani dillalin shanu a Gummi, mutum mai kyauta amma mai son a san ya samu. Motarsa mai kujerun fata ce, kuma ta zo da leda a jikin kujerun. A wancan zamani ledar nan ita ce shaidar cewa kai ka fara hawan mota, don haka ba a cire ta. Tamu ta kwana biyu, ta yi ja, ta yayyage, mun lilliƙe ta da salatif. In Alhaji ya zauna cikin zafi, sai ya tashi da bayan riga sharkaf, ledar na bin sa tana ƙara.

Abin yana ci mini rai, don ni gidan dukawa na tashi, na san fata tana son iska. Ran nan Alhaji yana can kasuwar shanu, na ɗaga gefen ledar, na ga fatar har ta fara fumfuna. Zuciya ta ɗebe ni, na yage ledar kaf na watsar. Na jiƙa tsumma mai laushi da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, na matse shi sosai, na bi kujerun lungu-lungu. Da suka sha iska a inuwa, na laƙato man kaɗe ɗan kaɗan na murza har fatar ta shanye. Dashbod kuwa, wato allon gaban direba, roba ce, ba ta shan mai, sai dai ta kama ƙura, saboda haka tsumma mai danshi kawai na bi ta da shi. Na koma gefe ina jiran tukwici.

Alhaji ya dawo, ya buɗe ƙofa, ya tsaya.

"Garba, motar wa ce wagga?"

"Taka ce, ranka shi daɗe."

"Tawa da leda take. Ka maishe ni mai sayen ta hannu, in shiga mutane da mi? Jibi muna da suna Bukkuyum. In babu leda, ka aje min makullina."

Ga shi ina da iyali, ga Inna a Anka ni take kallo. Na ruga inda na yar da ledar, ashe mai ƙosai ta riga ta hura wuta da ita. Daga ƙarshe wani mai sayar da katifa ya ji tausayina ya ba ni ledar katifu, tela ya ɗinka mini daidai kujerun yana dariya har da hawaye. Na nuna wa Alhaji, na faɗa masa inda na samo ta.

Muna isa Bukkuyum mutane suka kewaye motar. Wani ya leƙa ya ga leda fes, ya ce Alhaji ya sake sabuwa. Nan take aka hau yi masa barka, maroƙi ya ɗauka. Na zuba ido in ga ko zai musa. Alhaji ya gyara hula ya ce, "Alhamdu lillahi."

A hanyar dawowa, da muka hango Gummi, sai ya kira sunana.

"Garba, mai katihun nan, yana da saura?"

"Yana da ita, ranka shi daɗe."

"To duk Sallah a sake muna."

Haka makulli ya zauna a aljihuna. Duk Sallah in cire leda, in wanke fata, in shafe ta, in mayar da sabuwa. Abin da na koya shi ne, direba ba mota kaɗai yake kiwo ba, har da mutuncin mai ita, kuma mai ita ke faɗin inda mutuncin yake. Har injin motar nan ya mutu, babu mahaluƙin da ya taɓa zama a kan fatar. Ni kaɗai na san kyanta, kuma har yau abin yana ba ni haushi.