Awon ƙafa a gaban suruki

Sana'ata sayen wake da gyaɗa ce a ƙauyuka, in tara a Matameye, in sayar wa masu haurawa da shi kudu. Da babur nake zagayen, kuma kafin bara ban taɓa yarda wani ya tuƙa ni ba. Dillalin da ya sauka daga bayan wani, tun bai buɗe baki ba an rage masa daraja.

Bara da bazara, a hanyar Kurni, na tsaya a cikin rairayi don in ba amalanke hanya. Na sauke ƙafar dama kamar kullum, sai ta ƙi ɗaukata. Na kife, babur ya danne ni. Mata masu dawowa daga rijiya ne suka ɗaga shi. Labarin ya riga ni isa gida, kuma kafin gari ya waye maiɗakina ta ɓoye makullin.

"Ka je a auna ka," in ji ta. "In likita ya ce lafiya, ga makullinka."

Na yi lissafina. Mijin babbar 'yata ma'aikacin jinya ne a wani gidan likita a garin. Tun da ya aure ta bai taɓa cin abinci a gabana ba, bai taɓa haɗa ido da ni ba. Wanda ba ya iya kallon fuskata, ta ina zai ce mini na tsufa? Wurinsa na nufa, ina jin na gama cinikin tun daga gida.

Da ya gan ni ya miƙe, ya durƙusa ya gaishe ni a gaban marasa lafiya. Ya so ya haɗa ni da abokin aikinsa, na ce shi nake so. Ya rufe ƙofa. Na miƙa hannu don awon jini, ya ce ba wannan ba ne.

"Baba, a zauna a kujerar nan. A rungume hannuwa a ƙirji, a tashi, a sake zama. A yi ta yi har in ce ya isa."

"Shi ke nan awon?"

"Farkonsa ke nan."

Na farko na tashi da ƙyar. A na gaba sai na ga hannuna a kan tebur, ban san lokacin da ya je can ba. Ya ce in tsaya, in sa dugadugin ƙafa ɗaya a gaban yatsun ɗayar, in dubi bango. Bangon ya fara tafiya. Na yi luu zuwa hagu, ya tare ni ta hammata, kaina a kafaɗarsa. Hulata ta faɗi. Na ji warin sabulun rigarsa, shi ma na san ya ji numfashina. Ya zaunar da ni, ya tsuguna ya ɗauki hular, ya kaɗe ta, ya miƙo da hannu biyu, idonsa a ƙasa.

"To?" na ce.

"Alhamdu lillahi, Baba. Ba laifi."

Abin da na zo nema ke nan. Amma na yi shekara da shekaru ina karanta fuskar mai saye, na san "ba laifi" na mutumin da aka matse. Gumi yana bin wuyansa. A nan kunyar ta kama ni, ta fi ta faɗuwar. Na zo da gangan na sa yaron kirki a tsakanin aikinsa da girmana. In na sake kifewa a daji, shi za a nuna, a cikin gidansa ma.

"Da mahaifinka ne," na ce, "za ka ba shi makullin?"

"Mahaifina bai iya babur ba, Baba."

"Kar ka yi mini wayon kasuwa. A kasuwar nake ci."

Ya daɗe yana gyara abin da ba ya bukatar gyara a kan tebur. Sannan ya ce, "Ba zan ba shi ba. Ba yanzu ba." Ya ce cinyoyin ne suka saki, kuma suna iya dawowa: in riƙa tashi da zama a kujera kowace safiya, in tsaya da ƙafa ɗaya ina dafe da bango, in yi tafiyar masallaci da ƙafa. Bayan damina a sake gwadawa.

"Wurin abokin aikinka," na ce.

"Na gode, Baba," ya ce da sauri.

A gida maiɗakina ta tambaye ni me ya faɗa. Ina iya cewa ya ce ba laifi, ban yi ƙarya ba. Na ce ta ci gaba da ajiyar makullin.

Kakar nan a bayan ɗan kabu-kabu na zagaya ƙauyuka. Nakan sa ya sauke ni nesa da kasuwa, in ƙarasa da ƙafa. Tashi da zaman kuwa a ɗaki nake yi, ƙofa a rufe. Ban koma awo ba tukuna. Surukina yana zuwa gaisuwa ran Juma'a kamar da, ba mu taɓa tayar da maganar ba. Yakan durƙusa a bakin tabarma, ya gama, ya miƙe bai dafa komai ba, ni kuwa gwiwoyinsa nake kallo.