Daɓen katakon da na shimfiɗa a saman ɗakin Inna

An ɗan kwana biyu, kuma na san fushi kan gyara wa mutum labari yadda yake so, saboda haka wataƙila na cakuɗa wasu abubuwan. Ga dai abin da na riƙe.

Bayan rasuwar mahaifinmu na ɗora bene a gidanmu na Hayin Banki, ni da iyalina a sama, Inna a ɗakinta na ƙasa inda take tun aurenta. Magini ya ce tsohon bangon ba zai ɗauki kankare ba, sai dai daɓen katako. Na yi ta karance-karance, na fahimci, ko ina jin na fahimta, cewa abu biyu ake bukata: katako busasshe, da soso mai tare ƙara da za a cusa tsakanin daɓen sama da silin ɗin ƙasa.

Na faɗa wa kafintan, wani dattijo daga Abakpa. Dariya ya yi.

"Malam ɗan boko, a littafi ka gani? Tun ba a haife ka ba nake buga ƙusa. Soson nan gida za ka yi wa ɓera."

"To katakon fa, Baba? Na ga kamar da danshi."

"Kamar! Kai komai naka kamar ne."

Na yi shiru. Shirun nan ne yake ci mini rai har yau.

Da rani ya shigo katakon ya bushe ya tsuke, ko'ina ka taka sai ya yi kuka. Sararin da aka bari fanko a ƙarƙashinsa ya zama ganga. Mu a sama kaɗan muke ji. Inna kuwa ba ta ce uffan ba, domin ni ɗan fari ne, ko sunana ba ta faɗa, balle ta kawo mini ƙorafi. Na taɓa tambayarta ko ƙara tana damunta. Ta kau da kai ta ce lafiya lau. Na karɓa, don amsar da nake so ke nan.

Ƙanwata ce ta zo wata rana da la'asar ta ja ni ɗakin Inna.

"Yaya, zauna nan bakin gadon. Kada ka yi magana."

Na zauna. Gudun yarana ya sauko mini a tsakiyar ka. Jan kujera kamar aradu. Sai muryar matata, kalma bayan kalma. Wato tsohuwa mai hawan jini ta yi watanni ba barcin rana, ga kunyar jin hirar ɗanta da matarsa.

Na koma wajen kafintan na faɗa masa abin da na ji. Ko tashi bai yi ba. "Haƙuri za a yi, haka katako yake." Haƙuri! Wa zai yi haƙurin, shi?

Na shimfiɗa kafet, ƙarar ta ragu, kukan katakon bai daina ba. Kafin in samo wanda ya ɓalle silin ya cusa soson, Inna ta tafi gidan ƙanwata a Rafin Guza, wai kwana biyu. Ba ta dawo ba. Yanzu ɗakin shiru yake, na sha zama a ciki in gwada.

Duk wanda ya ga aikin nan, musamman ƙanwata da maginin, in na yi kuskure ya aiko mini da gyara. Ina so in sani ko na sake yi wa kafintan maganar soson, ko sau ɗaya tak na faɗa.