Garejin da Aka Auna da Makara

Mijina bakanike ne, abin da mu a Nima muke cewa fita, kowa kuma Masta yake kiransa, har ni. Shekara da shekaru yana aiki a bakin titi wajen Kotobabi, ƙarƙashin wata rumfar kwano, har ranar da aka zo faɗaɗa titin aka ce kowa ya san inda dare ya yi masa. Ya kwaso sifanoninsa da jak a buhu ya zube mini su a ƙofar ɗaki. Daga nan ya koma bin motoci duk inda suka mace, yana kwanciya cikin taɓo. Wadda aka bar masa ta kwana a waje kuwa, kafin gari ya waye an cire madubi, wata rana batir. Ni da ke wanke kayan aikinsa ni na fara gajiya. Na ce, "Masta, ga fili a ƙofar gidanku sai kaji ke kiwo a kai, kai kuma kana yawo da buhu."

Gidan na gado ne. Ɗakuna ne jere kewaye da tsakar gida, mu da 'yan haya, sai uwarsa, Mma, a ɗakin can ƙurya. Mafita ɗaya ce tal: wani tsohon zaure da ya fara rushewa, da ɗan filin da ke gabansa, wanda ke kallon lungun da mota ɗaya ke iya shiga in direba ya iya hannunsa. Nan ya ƙudura zai gina gareji, mota ta kwana a rufe, shi ma ya yi aikinsa a inuwa.

Magini ya zo ya kafa turaku ya ja igiya. Gareji ba ɗaki ba ne, yana son faɗi: a buɗe ƙofar mota ta kowane gefe, mutum ya durƙusa gaban taya ba tare da bango ya tokare shi ba, ga kuma rami a tsakiya da za a riƙa shiga ana duba cikin mota daga ƙasa. Da aka gama ba gareji haƙƙinsa, abin da ya rage wa mutanen gida wata siririyar hanya ce a jikin katanga, wadda ke yin kwana a bayan garejin kafin ta faɗa tsakar gida. Na ɗora tiren wacena, shinkafa da waken da nake sayarwa, a kai na bi tsakanin igiyoyin, na wuce lafiya lau. Na ce shi ke nan, a sa bulo.

Sai ga Mma da sandarta. Ta bi hanyar a hankali har kwanar, ta tsaya. Masta ɗanta ne na fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta kallon idonsa, in tana da magana da shi ni take faɗa wa ko da yana tsaye a wurin.

"Amarya," ta ce, don haka take kirana ko da yake 'yata ta isa aure, "tambayi yaron nan, ta ina za su fitar da ni?"

Na ce, "Su fitar da ke zuwa ina, Mma?"

"Inda ake kai kowa. Makara ba ya lanƙwasa. Kwana ɗin nan ba zai juya ba kraa, ko kaɗan."

Raina ya ɓaci sosai. Ranar da muke neman albarkar tushe, ranar za a kira mana mutuwa? Ga ta garau, tana cinye tuwonta tas har ta nemi ƙari. Na ce mata mai rai ke buƙatar wuri, wanda ya tafi ya huta da cunkoso. Ta juya ta koma ɗakinta. Masta ya dube ni kawai, ya ce wa magini a dakata.

Washegari muna tsintar wake ta ba ni labarin da ya hana ta sukuni. Wata aminiyarta ce a Mamobi, tare suka yi tallan koko tun suna 'yan mata. 'Ya'yanta suka yi ta ƙara ɗaki kan ɗaki saboda 'yan haya, har hanyar gidan ta zama sai mutum ya karkace. Ranar da ta rasu makara ta ƙi shiga. A tabarma aka naɗo ta, da aka zo kwana aka miƙar da ita tsaye kamar katifa, ƙafafunta na bugun bango. Mma ta ce, "Mace da ko gyalenta bai taɓa zamewa a gaban maza ba. Ni na gani da idona, Amarya. Ba na so." Amma ban sauko ba, domin ni ma abin da na gani da idona shi ne mijina kwance cikin taɓo.

Masta ya shiga tsaka mai wuya. In ya faɗaɗa hanya, ƙofar mota ba za ta buɗu a gareji ba. In ya bar ta yadda take, ya saɓa wa uwarsa a kan abu ɗaya da ta taɓa roƙonsa. Ba mai yawan magana ba ne. Ya yi kwanaki yana zama kan tsohuwar taya yana kallon igiyoyin, ni kuma ina yi masa mita a kunne. Rannan ya tashi ya ɗauki gawayi ya ja layi biyu a inda bangon baya zai tsaya. Ya ce za a fasa ƙofa babba a nan, daidai saitin ƙofar da mota ke shiga, ta yadda daga tsakar gida har lungu hanya za ta miƙe sambal ta cikin garejin.

Magini ya yi ta gunaguni, ya ce ƙofa biyu gayyatar ɓarawo ce, kuma an yi asarar bangon da za a jera kayan aiki. Ya zaro tef zai auna. Mma ta ce, "Ban yarda da tef ba. A kawo makara ɗin."

Haka kuwa aka yi. Bayan azahar Masta ya je masallacin unguwa ya aro makara. Ranar na kora 'ya'yana ɗaki na ja labule, matan haya suna ta salati suna cewa ba a taɓa shigo da makara gidan da kowa ke da rai ba. Amma sai da na leƙa. Maza suka saɓa ta a kafaɗa, Masta a gaba ta dama, suka taho daga ƙofar ɗakin Mma suka nufi tsakanin turakun. Nan gani ya kori ji. Magini faɗin makara kaɗai ya lissafa, ya manta da kafaɗun masu ɗauka, sai na gefe ya ture turke da ƙafa. Aka matsar da shi. Aka kuma gane cewa makara a kan kafaɗa ta fi kan mutum tsawo, sai aka ɗaga inda saman ƙofar zai tsaya. Suka sake wucewa, ba abin da ya taɓa komai.

Na zaci an gama. Mma ta nuna tsakiyar filin da sanda. "Rami ɗin fa? Za ku tsallaka rami da ni kafin a kai ni nawa?"

Masta ya je kasuwar katako ya sayo katakon odum, mai kauri, wanda mutum ɗaya ke nishi kafin ya ɗaga. Aka yi wa bakin ramin ɗan mazauni da siminti, aka yanka katakan daidai da shi. Mma ta kafa sharaɗi biyu, ta bakina kamar kullum: duk yamma a rufe ramin, kuma kada mota ta kwana a ciki ba taya, don a iya tura ta waje kowace sa'a. Ya ce ya ji.

Garejin ya karɓe mu. 'Yan tasi suka san wurin, motoci suka daina kwana a waje, ƙaurin baƙin mai ya haɗu da ƙamshin wacena har na daina bambance su. Ƙofar da na tsana ita ta riƙa kawo mana iska. Komai gajiyarsa, kafin magariba Masta zai mayar da tayoyi, ko da gobe zai sake cire su, ya jera katakan. Mma kuma ta samu wurin zama. Da la'asar takan ajiye kujerarta a bakin ƙofar bayan ta yi tagumi. Na daɗe kafin na gane dalili: in yana cikin rami a ƙarƙashin mota ba ya ganinta, sai ta kalle shi son ranta. Shekaru suka shuɗe ba wanda ya mutu a gidan, har na fara tsokanarta. "Mma, ƙofarki ta gaji da jira." Takan ce, "Ya jira. Ba ya cin abinci."

Wata hantsi yana aiki a kan wata tasi, ya cire tayoyin gaba ya ɗora ta kan jak da guntayen katako. Ya fito daga rami ya ce kansa ya yi nauyi, ya zauna kan taya, sai bakinsa ya karkace. Hawan jini ne da bai taɓa bari an auna ba. Kafin la'asar ya cika a asibiti. Ranar, karo na farko tun da aka gina garejin, mota ta kwana ba taya, rami a buɗe, ba wanda ya tuna.

Da safe aka kawo shi ta siririyar hanyar a kan hannuwa, ban gani ba, ina ɗaki ban san inda kaina yake ba. Aka yi masa wanka aka sa likkafani. Sai na ji muryoyin maza a tsakar gida, wani na cewa rana na yi, mota ta tare gareji, a naɗo shi a tabarma a fita ta gefe, a sa shi a makara a waje.

Mma ba ta yi kuka ba tun jiya, uwar ɗan fari ba ta yi a gaban mutane. Muryarta na ji, ba ta ko ɗaga ta ba. "Ba wanda zai lanƙwasa mini shi."

Na taso na tsaya bayanta. Abokan sana'arsa, cikin fararen kaftanin jana'iza, suka naɗe hannun riga suka durƙusa cikin baƙin mai. Suka ɗauko sifana. Suka mayar da tayoyin, suka sauke jak, suka tura motar can cikin lungu, suka jera katakan. Za su ɗauko makara Mma ta ce su tsaya. Ta hau kan ramin da sandarta, tana taka katakan ɗaya bayan ɗaya, tana dira ƙafa. Ɗaya ya ɗan motsa, ta sa aka juya shi. Sannan ta koma gefe.

Suka taho da shi daga tsakar gida. Daga inda muke tsaye ina ganinsa tun daga ƙofar baya har hasken lungu, a kwance sambal, ba abin da ya taɓa shi. Ko a lokacin na gode wa tsohuwar nan. Da ya zo daidai gabanta ta ɗaga kai ta dube shi, a gaban kowa, ta kira sunansa a hankali. Shekarun da na yi a gidan ban taɓa jin sunan a bakinta ba.

Yanzu wani abokinsa ke aiki a garejin, a kan sharuɗɗan nan biyu. Mma tana nan da ranta, sai dai ba ta ƙara zama a bakin ƙofar ba. Duk yamma takan kira daga ɗaki, "Amarya, an rufe rami ɗin?" Ba na amsa mata sai na je na taka katakan da ƙafata.