Baba Ezekiel da Gadon Maɗacin Mahaifiyata

Kafin masu adaidaita sahu su cika titi, Baba Ezekiel ya riga ya buɗe shagonsa da ke bayan kasuwar Haɗeja. Ba zarto yake fara ɗauka ba. Katakan da ya jingine a rumfa yake bi, ya juya wannan, ya ƙwanƙwasa wancan da bayan yatsa, ya kasa kunne. Wanda ya amsa garau ya bushe, ya isa aiki. Wanda ya amsa da nauyi sai ya mayar da shi inuwa ya ce, "Kai da sauranka." Sannan ya kwance ƙullin ƙosan da matarsa Mama Dibora ta ba shi, ya ci a tsaye.

Yana saurayi ya zo garin nan daga Kagoro, da akwatin kayan aiki a ka. Yau ya haura shekara arba'in yana yi wa gidajenmu ƙyamare da tagogi da gadaje da kujerun falo. Maɗaci da kirya da maɗobiya su ne abokan aikinsa, itatuwa masu taurin da gara kan sha wuya kafin ta ci. Amma ɗanyen iccen da aka saro a ɓoye daga dajin Baturiya bai taɓa kwana a shagonsa ba. Ya fi son tsohon katako. Malam Umara masunci shaida ne. Da kwale-kwalen da ya gada daga mahaifinsa ya fara shan ruwa, ya yi niyyar faskare shi a yi girki. Baba ya tare shi a hanya.

"Malam Umara, jirgin da ya ciyar da ku zai ƙare a murhu?"

"To me zan yi da shi, Baban Ruth? Ya mutu."

"Cikinsa ne ya ruɓe. Haƙarƙarinsa na nan da rai."

Yau duk wanda ya shiga falon Malam Umara, ta ƙyauren da aka yi da wannan jirgi yake shiga. Ramukan tsofaffin ƙusoshi suna nan a jiki, don Baba ya ƙi toshe su.

Ni kuwa abin da ya sa na ɗauki alƙalami gado ne. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya sa Baba ya yi wa mahaifiyata, Ya Aisa, gadon maɗaci mai sassaƙen ganye a kai tun suna sababbin aure. A kansa ta haife mu, a kansa ta yi jinyar mahaifina har ya cika. A daminar 2022 kogi ya cika ya batse, ruwa ya shigo unguwarmu, muka gudu makarantar firamare da kayan jikinmu. Da ruwa ya janye muka koma, muka tarar katifa ta ruɓe, kwabar kaya irin ta zamani ta kumbura ta wargaje, gadon kuma yana tsaye cikin taɓo, ya yi baƙi, funfuna ta hau shi. Mahaifiyata ba ta yi kuka a kan buhunan shinkafar da suka lalace ba. Da ta ga gadon sai ta zauna a bakin ƙofa ta rufe fuska da mayafi.

Muka fitar da shi tsakar gida don rana ta busar da shi. Ana haka sai ga sallamar Baba, ya naɗe wando zuwa gwiwa, ƙafafunsa duk laka.

"Adila, 'yata, ku mayar da shi inuwa yanzu," ya ce da ni. "Iccen da ya sha ruwa, in rana ta dake shi tsagewa zai yi."

Mahaifiyata ta ce, "Baban Ruth, kada ka wahalar da kanka. Ya bi mai shi."

Ya tsuguna ya kankare gefen ƙafa ɗaya da wuƙa, jan maɗaci ya bayyana a ƙarƙashin baƙin. "Ya Aisa, dubi nan. Fatarsa kawai ruwa ya taɓa."

Daga baya ne Mama Dibora ta gaya mini cewa a ranar shagonsa ma yana cikin laka. Ruwa ya tafi da katakan da ya yi shekaru yana busarwa, kayan aikinsa suna ta tsatsa. Ya bar su, ya bi gidajen da ya san akwai aikinsa, yana roƙon mutane kada su shanya kaya a rana.

Baba, kai ne ka kwance gadon nan gaɓa-gaɓa, ka jera shi a zaure inda iska ke ratsawa. Kai ne ka yi ta zuwa kana juya shi har kaka ta shigo, mahaifiyata kuwa tana kwana a tabarma, ta ƙi gadon ƙarfen da muka sayo mata. Kai ne ka goge shi da hannu, ka narka kakin zuma da ɗan mai ka shafa masa har ya sha. Ranar da ka haɗa shi ka ɗora ƙafafunsa kan 'yan duwatsu, ka janye shi daga bango, ka ce da ni, "Busasshen ƙyalle ya ishe shi. Ban da ruwa, ban da omo. In damina ta wuce ki ba shi kaki." Mahaifiyata ta shafa sassaƙen ganyen nan, sannan ta ce, "Allah Ya yi wa zuri'arka albarka." Ka ce amin, ka juya kana neman hularka alhali tana kanka.

Bana yanar ido ta hana Baba ganin layin fensir a kan katako. Ya miƙa zarto da gizago ga 'yarsa Ruth, wadda ta koyi sana'ar a hannunsa, kuma masu cewa kafintanci ba aikin mace ba ne sun fara kawo mata aiki.

Mun gode, Baba, gwanin maɗaci, mai gyara abin da aka fid da rai da shi. Allah Ya ƙara lafiya, Ya buɗe idon nan. Ku kuma matasan da kuka riƙe sana'a, ku yi aikin da ba za ku ji kunyar komawa ku duba shi ba bayan shekaru. Sauran jama'a, kada mu jira sai mutum ya kau sannan mu yabe shi. In kun bi ta bayan kasuwa ku tsaya ku gaishe shi, ku faɗi sunanku da ƙarfi. Fuskarku ba lalle ya gane ba, amma zai tambaye ku lafiyar ƙyauren gidanku.